Salansar Alhaji Isyaku

Wayar ta sake ɗaukar kiɗa a aljihun rigar da Mainasara ya rataye a jikin darbejiya, shi kuwa yana kwance rigingine a ƙarƙashin motar, kwali a bayansa, injin yankan ƙarfe a hannunsa. Bai ko motsa ba. Ya san mai kiran. Da yake karatun boko bai taɓa damunsa ba, 'yarsa ce ta sa wa kowane na kusa da shi kiɗansa daban, wannan kuwa na Alhaji Isyaku ne, mai motar.

"Yi ta kira," ya ce, ƙura na zubo masa a gemu. "Yau motarka ce za ta amsa maka da bakinta."

Motar tsohuwar Marsandi ce mai ƙofa biyu da buɗaɗɗen sama, ruwan ɗorawa, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Mutanen Daura Dutsen Guga suke ce mata. Isyaku ya sayo ta a Kwatano lokacin da kasuwar shanu ke yi da shi, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. A cikinta su biyun suka ci zamaninsu. Ranar Alhamis da yamma sai su bi hanyar Kwangwalam su tsallaka iyaka, abin da suke zuwa yi can kuwa ba su taɓa ba iyalinsu labari ba. Da shari'a ta zo, gemu kuma ya fara fari, Isyaku ya koma sahun gaba a masallaci, motar ta koma rumfa aka lulluɓe ta da tamfol. Sai jefi-jefi yake fito da ita ya zaga gari.

Ciwonta ba wani babba ba ne. Akwai wata tukunya a tsakiyar salansa wadda makanikai ke ce wa indomi, saboda cikinta kamar taliyar yara yake. Turawa ne suka sa ta don ta tace hayaƙi. Shekaru da man 'yan bumburutu sun toshe ta, motar ta koma kamar mai ciwon asma: a tayar ta tashi, a taka totur ta shaƙe. Maganin a yanke tukunyar a jona miƙaƙƙen bututu a gurbinta. Aikin rabin yini ne ga wanda ya iya, Mainasara kuwa a kan salansa ya tsufa.

Amma tun kafin azumi aka turo masa ita, ga shi har an sha ruwa an yi salla. Isyaku, wanda ciwon ƙoda ya kwantar, abu ɗaya ya roƙa: a gyara ta, Mainasara ya ja, shi ya zauna a gefe, su je garin Babban Mutum ya ga gonar ubansa kafin ruwa ya sauka. Mainasara ya ce gobe. Duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya san aikin aboki shi ake bari ƙarshe, don aboki ba ya kai ƙara, ba ya kuma canza makanike. Direbobin tasha na tsaye a kansa da masifa, motar Isyaku na gefe tana tara ganye. Da kiran ya yi yawa sai ya daina ɗauka. Jiya da daddare ne ya aika a gaya wa Isyaku, yau kam ba fashi.

Ya gama yanka ɗaya gefen ke nan sai ya ga ƙafafu sun tsaya a gefen motar, cikin silifa na tsohuwar taya. Ɗantsoho ne, mai facin tayar da ke maƙwabtaka da shi, wanda suka yi shekaru suna raba inuwar bishiya ɗaya.

"Mainasara."

"Idan sifana ce ba na bayarwa. Wadda ka ara ranar Talata tana ina?"

"Fito."

"Faɗi, ina ji."

"Ka fito dai."

Ya kashe injin ya turo kansa waje. Ɗantsoho na riƙe da wayarsa a hannu kamar ta ƙona shi.

"Muktar ne ya kira ni, ɗan Alhaji. Ya ce tun safe suke nemanka da wayar babansu ba ka ɗauka." Ya rage murya. "Alhaji Isyaku lokaci ya yi. Bayan an idar da sallar asuba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mainasara. Bakinsa ne ya faɗa, yadda yake faɗa in an ce masa tirela ta faɗi a hanyar Kazaure.

Ya zauna a kan kwalin yana jiran wani abu ya taso masa daga ciki. Ya jira. Babu abin da ya zo. Abin da ya lura da shi kawai shi ne wani ƙudan zuma da ke zagaye gwangwanin ruwan da yake sanyaya ƙarfe a ciki.

"Ana idar da azahar za a sallace shi a ƙofar gida," Ɗantsoho ya ci gaba. "Muktar ya ce in gaya maka, kai za ka shiga rami ka kwantar da shi. Wai wasiyya ce, kowa a gidan ya sani."

Mainasara ma ya sani. Isyaku ya sha faɗa a gaban iyalinsa, yana dariya yana nuna shi da sanda: wannan baƙin hannun shi zai sa ni a kabari, ai ya saba da shiga ƙarƙashi. Da ciwo ya yi tsanani ya sake faɗa, ranar kuma bai yi dariya ba.

"To," in ji shi.

Ya leƙa ƙarƙashin motar. Tukunyar na reto, gefe ɗaya a yanke, ɗaya gefen na riƙe da ita. Ya jawo injin yankan ya koma ya kwanta.

"Me kake yi haka?"

"Ba a barin salansa a rataye. Sai ta karye daga wuya."

"Ta karye mana! Wa zai hau ta yanzu?"

"Na ce masa yau."

"Mainasara, ka ji abin da na gaya maka kuwa?"

"Na ji. Rana ko tsaka ba ta yi ba. Kafin azahar na gama, mu tafi a cikinta."

Ɗantsoho ya tsaya yana kallon tafin ƙafafunsa da suka leƙo waje. Sannan ya koma rumfarsa.

Tukunyar ta faɗo masa a ƙirji da zafinta. Ya ture ta gefe. Da ya fito ya ɗaga ta ya hanga ta rana, ko ɗigon haske ba ya wucewa, ta toshe ƙirin kamar an cusa mata laka. Ashe shi ya sa, ya ce a ransa. Ya naɗe ta a takardar buhun siminti ya ajiye a kujerar gaba, don ya san yadda yaran gari ke farautar irinta, masu saye har daga Kano suke zuwa. Sannan ya shiga tarkacensa ya zaɓo bututu mai kauri, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa. Hannuwansa na aiki tsaf, ba rawa ba gaggawa. Ya tsinci kansa yana tunanin ko man da ke cikin tankin zai kai su Babban Mutum ya dawo da su. Sai ya tuna. Sai ya ci gaba da goge bakin bututun.

Ya ɗiga walda a wuri biyu ke nan don bututun ya tsaya, aka ɗauke wuta.

Ya kwanta a wurin da sandar walda a hannu, yana kallon cikin motar. Tsatsa ta ci wasu wurare. Ga wata tsohuwar walda can kusa da taya, tasa ce, ya gane hannunsa. Wani dare ne suka hau kan dutse a hanyar dawowa, Isyaku na tuƙi yana waƙa. Ya kalli waldar ya ga har yanzu tana nan daram. Aikin ya yi kyau.

Wutar ba ta dawo ba. Ya tashi ya tsallaka titi wurin Kalilu mai gyaran bodi ya aro tukwanen gas, ya turo su a baro. Waldar gas ba ta da sauri, ga iskar bazara mai zafi tana kaɗa harshen wutar. Ya kare da kwali ya ci gaba. Inuwar darbejiyar ta tattare ta koma gindinta, rana ta sami ƙafafunsa, bai janye su ba.

Ladan ya kira salla.

Ɗantsoho ya dawo, ya sa wankakkiyar riga da hula, ya tayar da mashin ɗinsa ya tsaya a kansa.

"Taso. Ko hannu kada ka wanke, ka wanke a can."

"Saura ƙasan."

"Kai wane irin mutum ne? Gawa fa ke jiranka!"

"Ka taɓa ganin an sallaci mai hali a kan lokaci?" in ji Mainasara daga ƙarƙashi. "Ƙannensa na Kano, surukinsa na Katsina. Sai an jira su. Liman ma sai ya yi wa'azi. Yi gaba, ina bayanka."

"Cikin wannan zafin wa zai jira wani? Tun asuba fa."

"Na ce ina bayanka."

"Wallahi in ka rasa wannan, har ka mutu..." Ɗantsoho bai ƙarasa ba. Ya ja tsaki, ya ba mashin wuta.

Wayar ta sake tashi a jikin bishiya, da kiɗan Isyaku. Yanzu ya san Muktar ne. Ya ɗaga kai yana saurare. Tashi ne kawai ya yi taku kaɗan ya sa hannu a aljihu, amma jikinsa bai ga dalilin yin hakan ba. Kiɗan ya ƙare, ya sake farawa, ya sake ƙarewa. Daga nan bai kuma ji ba.

Da ya gama ya bi waldar da ɗan yatsa bayan ta huce, ba ƙofa ko ta allura. Ya sauke jak, ya cire duwatsun da ya tare tayoyi da su, ya mayar wa Kalilu tukwanensa har cikin rumfa. Ya yi alwala da ruwan buta mai ɗumi, baƙin mai bai fita ba, ya yi azahar a kan kwalin. Sannan ya sa riga ya shiga motar ya murza makulli.

Ƙarar da ta fito sai da tattabarun kan shagon Kalilu suka watse. Ba haka muryarta take a da ba. Da gurnani take yi a hankali, irin na mai ƙoshi. Yanzu kuwa ruri take, mai tsaga kunne, kamar ana yaga kwano. Ya taka totur, allura ta haura ba tare da motar ta shaƙe ba. Tana numfashi, ya ce a ransa.

A titi 'yan acaɓa suka yi ta fito suna bin sa. "Baba, ba ta wuta! Dutsen Guga ta dawo!" Wata mai awara ta janye kaskonta. Wasu 'yan Hisba biyu a bakin kasuwa suka miƙe tsaye, sun ɗauka 'yan wasan mota ne na biki, da suka ga farin gemu a bayan sitiyari sai suka tsaya suna kallon juna. Shi dai yana lura da giya, ta biyu na ɗan kartawa, sai an duba.

Ya karyo kwanar layin su Isyaku ba tare da ya tuna ya sassauta ba. Rurin ya daki katangu ya dawo. Layin cike yake da mutane a kan tabarmi ƙarƙashin rumfar tamfol, kowa ya juyo. Wani dattijo da ke tsakiyar addu'a ya tsaya da hannuwa a sama. Daga cikin gida wata mace ta ƙwalla ƙara sau ɗaya, aka ji ana ba ta baki.

Ya kashe motar. A shirun da ya biyo baya ne ya ga makara a jingine da bango, ba kowa a cikinta, an yayyafa mata ruwa. Ya ga ƙafafun mutane da jar ƙasa har idon sawu. Wasu na layi a bakin randa suna wanke hannu.

Muktar ya taso. Malamin asibiti ne, dogo kamar ubansa, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa.

"Baba Mainasara."

"Muktar. Ya haƙuri?"

"Da godiya." Ya dubi motar, ya dubi hannuwan Mainasara. Bai ɗaga murya ba. "Mun jira ka a nan. Mun je can ma mun ajiye shi a bakin rami, mutane na tsaye cikin rana. Sai da liman ya ce ba mu da haƙƙin riƙe shi."

"Wa ya shiga?"

"Ni da Baffa Sama'ila."

Mainasara ya gyaɗa kai. Ya so ya tambaya ko sun gyara masa kafaɗar dama, wadda ke masa ciwo in ya kwanta a kanta. Ya ga tambayar ba ta da wurin zama.

"Na gyara ta," ya ce.

Can cikin tabarmi wani ya yi magana, ba da ƙarfi ba, amma yadda za a ji. "Mutum ko sanyi bai yi ba an cire indomin."

"Yana kujerar gaba," in ji Mainasara, bai juya ya ga mai maganar ba. "A takardar siminti."

Malam Sama'ila, ƙanin marigayin, wanda ya yi shekaru yana zama a kotun shari'a kafin ya yi ritaya, ya taso da carbinsa ya kama hannun Mainasara ya ja shi gefen motar. Ya leƙa ya ga ƙunshin. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ba wanda ya isa ya ce ka ci amanar Yaya, ni shaida ne. Amma gaya mini, yaushe ka yanke?"

"Da hantsi na fara."

"Shi kuma da asuba ya cika. Ka ga ke nan lokacin da ka sa mata ƙarfe ba tasa ba ce. Izinin da ya ba ka ya bi shi. Motar nan yanzu ta magada ce, a cikinsu akwai ƙanana waɗanda ba su san hagu da dama ba, akwai kuma wanda ke Saudiyya bai iso ba. Masu ƙiyasta gado za su zo, za su leƙa ƙasa su ga sabuwar walda. Ka dai ji abin da aka fara faɗa tun yanzu, a gaban idonka."

"Na ji."

"Abin da ya fi, ka mayar da shi yadda yake. In an raba, wanda ta faɗo a kasonsa ya ga dama ya kawo maka ka cire."

"In na mayar ba za ta yi tafiya ba, Malam. Shaƙewa za ta riƙa yi."

"Haka ya bar ta," in ji Malam Sama'ila.

Mainasara ya tsaya yana kallon bonet ɗin, zafi na tashi daga kansa. Ya lissafa aikin a ransa: a yanke bututun, a goge bakin, a ɗaga tukunyar a tare ta da dutse, a bi da walda. In an kawo wuta, kafin magariba an gama.

"To," ya ce.

"Zauna tukuna a yi addu'a da kai."

Ya zauna a bakin tabarma. Aka ɗaga hannu ya ɗaga, aka shafa ya shafa. Masu zuwa gaisuwa na bin layi suna miƙa hannu, in sun zo kansa wasu su ce ya haƙuri, don sun san shi ne abokin, wasu su ga baƙin mai su miƙa masa wuyan hannu. Aka kawo ruwa a kofin silba ya sha. Ruwan randa ne, da ɗan ƙamshin ƙasa. Na kusa da shi na ba wani labarin farashin taki.

Da aka ɗan sarara ya miƙe ya nufi motar. Ya buɗe ƙofa ya sa makulli, sai ga Muktar a gefensa.

"Baba, don Allah kada ka tayar a nan. Hajiya mahaifiyarmu ce ta yi ƙarar nan ɗazu. Da ta ji mota miƙewa ta yi."

Mainasara ya zare hannunsa daga makullin. Ya fitar da giya, ya sauke birkin hannu, ya fito ya sa kafaɗa a jikin ƙofar, hannu ɗaya a sitiyari. Motar ƙarama ce a ido amma ƙarfen da ne, nauyi gare ta. Ta motsa kaɗan ta dawo. Ya sake turawa. Sai ya ji ta yi sauƙi, ya waiga ya ga Ɗantsoho a baya, ya tattare wankakkiyar rigarsa ya dafa but ɗin motar da hannu biyu. Mutanen kan tabarmi suka janye ƙafafunsu aka wuce.

Suka fita layin, suka bi ta gaban masallaci, suka hau kwalta. Tayoyin na ɗan ƙara a kan tsakuwa. Gumi ya jiƙa wa Ɗantsoho baya, yana haki, ga mashin ɗinsa ya baro a gidan makoki. Da suka wuce gidan mai ya ɗago kai.

"Ai mun yi nisa, ba za su ji ba. Shiga ka tayar mana."

Mainasara ya dubi makullin da ke reto a jikin sitiyari. Ya dubi titin, garejin na can gaba da sauran tafiya, ga ɗan hawa kafin a kai.

"Tura dai," ya ce.